Sama Ba Ta San Suruki Ba

Saint-Denis, Laraba bayan la'asar

Zuwa ga ɗana Laminu, a Lyon.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka lafiya, ka samu ɗakin da suka yi maka alkawari, ka samu masallaci kusa da mutanen kirki a wurin sabon aikin. Uwarka tana gaishe ka. Yayarka Mariya tana gaishe ka. Allah ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a sama, tunda can ma ka mai da ita wurin zuwa.

Rabona da in zauna in yi doguwar takarda tun shekarar da annoba ta kulle mu a ɗaka, muka yi sallar idi a falo, ni liman, kai da uwarka mamu, lokacin da na rubuta ta'aziyyar yayana zuwa Damagaram don babu jirgin da zai kai ni. Ka san ban zauna a lakwal, makarantar boko, ba. Ɗan rubutun nan a bariki na tsince shi, saboda haka in ka ga baƙi ya karkace, ka miƙe shi da kanka. Na ɗauki alƙalami ne don ka ƙi ɗaukar wayata. Kada ka ce mini aiki ne. Uwarka ta kira ka ɗauka, ni na kira wayar ta yi ta kuka har ta gaji. Mariya za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo maka yau, kuma ta ce wayarta tana nuna mata in ka buɗe. To, ka karanta har ƙasa.

Maganar lemar saukowa daga jirgin sama da Alhaji Sani ya ba ka ce.

Bari in maimaita yadda aka yi, don kai mai saurin mantuwa ne in abu bai yi maka daɗi ba. Ranar da aka sa ranar aurenka da Nafisa, bayan an ci an sha a gidansu a Belleville, Alhaji, uban yarinyar, ya shiga ɗaki ya fito da jakar lemarsa a rungume kamar jariri. Ya ce, "Laminu, ni gwiwa ta ƙi, likita ya ce in bar tsalle daga jirgi. Wannan ta yi shekaru tana sauke ni lafiya. Ban haifi namiji ba, ga shi Allah ya kawo mini ɗa mai son abin da nake so. Karɓi." Ka durƙusa ka karɓa da hannu biyu. Mata suka yi guɗa. Ni ma na ce madalla, na sa albarka, don ni lemar da na sani ita ce ta zamanin da nake sojan lema, mai kama da ƙwarya a kife, wadda duk girmansu ɗaya, dogo da gajere kowa ya ɗauki tasa. Ban san irin taku ta yanzu akwai ta gwanaye akwai ta 'yan koyo ba.

Sai a tashar jirgin ƙasa, ranar tafiyarka, ina riƙe maka ƙaramar jaka, kai kana goye da ta Alhaji, na ce, "Kai, wannan aba ta yi maka tsuru a baya kamar ka goya matashin kai." Ka ɗaga kai kana duba allon jirage. Can ka ce, "Baba, ta yi mini ƙanƙanta. Ba ta irina ba ce tukuna." Na ce, "To, ajiye ta mana." Ka ce, "Ya ce ranar Asabar za su zo Lyon shi da Nafisa ya ga na sauko da ita. Ya ce akwai filin da aka san shi, maganarsa ta isa. Baba, surukina ne, yaya zan yi?" Kafin in haɗa amsa an busa, ƙofa ta rufe, ka ɗaga mini hannu ta gilashi kana murmushi, kamar ka gaya mini yau za a yi ruwa.

Yaya zan yi! Mutum da gemunsa, da takardun jami'a cike da bango, yana tambayar yadda zai yi da ransa.

Jiya na tashi na tafi filin da ka koyi tsalle a bayan gari. Na hau jirgin ƙasa, na hau bas, sauran na taka da wannan ƙugun nawa. Uwarka ta ce ina za ni, na ce asibiti, kuma ban yi ƙarya ba, don abin da ke damuna na je nema wa magani. Na samu Madam Odil, malamar da ta koya maka, wadda ta riƙe ka ranar tsallenka na farko. Ta gane ni, ta ba ni kujera da kofi. Na ce mata Alhaji Sani ya ba ɗana lemarsa. Ta san Alhaji, ta san lemar, a filinsu ya yi shekaru. Ta ajiye kofinta ta ce, "Wace? Jar nan?" Na ce ita. Ta ce, "Non, non, non. Papa, in ya shigo filina da ita, a kabad zan kulle ta in haɗiye makullin."

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar yaro, ni kuma ban ji kunyar tambaya ba. Ta ce ƙaramar lema gudu take yi kamar dokin da ba a horar ba. Tana zuwa ƙasa da sauri, tana juyawa da ɗan taɓi, kuma ba ta yafe kuskure. Babba kuwa in ka yi wauta sai ta ba ka lokacin gyarawa. Ta ce da nauyin mutum da yawan tsallensa ake zaɓar girman lema, a sauko daga babba zuwa ƙarama a hankali, kamar yadda ake sauka daga bene. Alhaji ɗan siriri ne kamar sillen kara, kuma ya yi tsalle har ya daina ƙirga. Kai kuwa jikin kakanka ka ɗauko, mutumin da jaki ke gudu in ya hango shi, kuma tsallenka bai fi a ƙirga a zama ɗaya ba. Lemar da ta sauke Alhaji kamar auduga, kai kamar buhun gero za ta sauke ka.

Na ce mata ai ya ce akwai filin da aka san shi. Ta ce shugaban fili na ƙwarai ba zai yarda ba, ko wa ya sa baki. Na ji daɗin wannan. Amma ni ba zan jingina ranka da "wataƙila za a hana shi" ba. In aka dace da ranar da mai filin yake jin kunyar Alhaji kamar yadda kake ji fa? Kowa ya yi shiru don girman mutum ɗaya, kai kuma kana sama.

Ba girman kaɗai ba ne. Ta ce lemar ajiya, ta biyun nan da ke cikin jakar don ranar da ta farko ta ƙi, dole mai naɗi mai takardar izini ya buɗe ta, ya duba, ya sake naɗe ta, ya sa hatimi, a kan lokacinta. Jakar Alhaji tun da gwiwa ta kwantar da shi take cikin kabad tare da rigunan sanyi. Wa ya buɗe ta? Ta kuma ce akwai 'yar na'ura da ke sakin lemar ajiya da kanta in mutum ya suma ko ya ruɗe yana faɗuwa, kuma ita ma tana tsufa ta mutu. Ka tambayi Alhaji ko tana ciki? Ka tambaye shi ko tana da rai? Na san ba ka tambaya ba. Wa zai karɓi kyautar suruki ya juya ta yana leƙen ƙarƙashinta? Ga ɗamarun kuma, a jikin Alhaji aka auna su. A ƙirjinka mariƙan da za ka ja in ta ɓaci ba za su zauna inda hannunka ya saba samunsu ba. Kayan aro ba ya rufe katara, Laminu, balle wanda za a rataya da shi tsakanin sama da ƙasa.

Duk wannan ka fi ni sani. Abin da ya ƙona mini rai ke nan. Da jahilci ne da na yi maka uzuri, ni ma jahili ne kuma na rayu. Amma kai ka sani, ka faɗa da bakinka, sannan ka goya ta ka shiga jirgin Lyon.

Ni na koya maka sunkuyar da kai gaban manya, kuma ban yi nadama ba. A garin nan da yaro ke kiran ubansa da sunansa, ni na tashe ka kana cire takalmi kana durƙusawa, mutanen masallacin Château Rouge suna nuna ka suna cewa ga ɗan Habu. Amma kunya tana da mazauninta. Ta zaure ce, ta gaban tuwo ce, ta ranar ɗaurin aure ce. Sama ba ta san suruki ba.

Labarin ƙuguna ka ji shi har kun mai da shi abin dariya kai da Mariya, kuna kwaikwayon tafiyata a bayana kuna zaton ban gani ba. To, yau ka ji shi da kunnen babba. Lajidan Garba, mai babban muƙami a barikinmu, ɗan unguwarmu ne a Birnin Damagaram, abokin babana, shi ya kai ni soja da hannunsa. Ranar wani tsalle, muna layi a gindin jirgi, ya zo da kansa ya ɗaura mini ɗamara, don ya nuna wa kowa ni yaronsa ne. Ɗamarar cinyata ta hagu ta murɗe, ta yi sako-sako. Na ji ta. Doka ta ce in ka ji abu ba daidai ba ka ɗaga hannu. Amma ta yaya zan ce wa abokin ubana, gaban kurata, "Baba, ka ɗaura ba daidai ba"? Na haɗiye. Da lema ta buɗe ta fizge ni gefe ɗaya, na sauko a karkace kamar kazar da aka riƙe da ƙafa guda, na daki ƙasa da ƙugu.

Ka san abin da Lajidan ya yi da ya zo asibiti? Ina jiran ya ce sannu, ɗan kirki mai ladabi. Ya tsaya a kaina idonsa jawur ya ce, "Ɗan banza! Bakin naka na cin tuwo ne kawai? Ka ji ta murɗe ka yi shiru? Da ka mutu me zan je in gaya wa ubanka, in ce ni na ɗaure ka?" Ya ɗaga hannu zai mare ni, malamin asibiti ya riƙe shi. Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai daina ganin tafiyata yana kau da kai ba. Kunyar da na yi masa ba ta girmama shi ba, kaya ta ɗora masa har kabari.

Haka za ka yi wa Alhaji. Mutumin kirki ne, ban musa ba. Abin da ya fi so a duniya ya ɗauka ya ba ka. Ya dai daɗe da zama gwani har ya manta yadda ɗan koyo yake. In wani abu ya same ka a gaban idonsa, da lemarsa, 'yarsa tana tsaye a gefensa, ka gaya mini wane irin ladabi ka yi masa.

Saboda haka, ko ba wannan lemar ba, ka riƙe wannan har ka tsufa. Kafin ka shiga jirgi ka tsaya wani ya duba ka gaba da baya, ɗamarar ƙirji, ta cinya, mariƙai, ƙusar da ke riƙe bakin jaka. Ko yarinya ce ƙanwar ƙanwarka, ka juya mata baya ta duba. Kai ma ka duba na kusa da kai, ko da furfura a kansa. In ka ga abu ka faɗa da ƙarfi. In ya ji haushi, ya ji haushinsa a ƙasa da ƙafafunsa biyu.

Akwai kuma Illa. Ba ka san shi ba, ba a haife ka ba. Wata rana aka ce babban baƙo zai zo daga babban birni kallon tsallenmu. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka kawo mata da lemun kwalba. Da hantsi iska ta tashi. Tsofaffin cikinmu suna kallon tuta tana kaɗawa suna kallon juna. Kowa ya san ba ranar tsalle ba ce. Ni ma na sani, na kuma ja bakina kamar kowa, don baƙo ya riga ya zauna, wa zai je ya ce masa ya tashi? Muka hau. Ni Allah ya jefa ni cikin gonar wani na tashi da ƙaya. Illa iska ta cika lemarsa bayan ya taɓa ƙasa, ta ja shi cikin duwatsu. Sunansa Illa ɗan Abarshi, mutumin garin Tawa, mai son shayi mai ɗaci, mai 'ya ɗaya. Na rubuta sunansa ne don ba wanda ya rage mai faɗinsa sai ni. Baƙon kuwa aka raka shi motarsa, ya tafi cin abincin rana.

Kada ka taɓa yin tsalle don an zo kallo. Ranar da aka zo kallonka ita ce ranar da ta fi kowace haɗari, don rabin hankalinka yana ƙasa wurin masu kallo. In iska ta tashi, ka duba tsofaffin filin. In ka ga sun cire kaya sun zauna shan kofi, ka nemi kujera kusa da su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jirgi zai tashi wani makon, sama ba ta ƙaura.

Na kuma ga kwalin kyamarar da ka ɓoye a ƙarƙashin gadonka, uwarka ta fito da shi tana shara. Na san ta manna wa hular kwano ce, don Nafisa ta ga fuskarka a cikin gajimare. Madam Odil ta ce ɗan koyo ba ya ɗaukar kyamara, don maimakon ya duba agogon da ke nuna masa nisansa da ƙasa, sai ya tsaya gyaran murmushi, kuma igiya tana iya sarƙewa a jikinta. Ni ma na taɓa yin irin wannan ƙwalisa. Na sayi wasu takalma masu ƙugiyoyi a kasuwa don suna ƙyalli, kafaran ɗinmu, kofur mai duba mu, ya gani a layi, ya ce, "Habu, aure za ka ko tsalle? In igiya ta kama ƙugiyar nan da ka za ka sauko." Ya sa na cire su gaban kowa, na yi tsalle da tsofaffin wani. Na yi fushi da shi har sati ya zagayo, ga shi yau ina yi masa addu'a. Takalmi mara ƙugiya, riga a cusa cikin wando kada ta rufe mariƙi, aljihu a zuge. Yarinyar ta san fuskarka, ba sai ta gan ta a sama ba.

Sauran abin da Madam ta ce in tuna maka, ga shi yadda na riƙe. Kullum kafin ka hau, ka gwada hannunka a ƙasa: ka duba mariƙi, ka kama, ka saki lemar da ta lalace, ka ja ta ajiya, har hannu ya haddace ba sai kai ya yi tunani ba. Ka yanke tun kana ƙasa tsawon da in ka kai shi lema ba ta gyaru ba za ka rabu da ita, kada ka tsaya lallashinta kamar mai cinikin akuya. In ka kusa ƙasa kada ka yi juyi mai kaifi, ko da ka ga za ka wuce inda ake so ka sauka. Ka sauka can nesa a cikin ciyawa ka tako da ƙafa, a yi maka dariya. Ta ce masu lema lafiyayya a kansu da suka yi juyin ƙasa-ƙasa su ne ta fi ziyarta a asibiti. Filin Lyon kuma baƙo ne a gare ka. Kafin ka hau ka zaga shi, ka tambaya ina wayoyin lantarki, ina ruwa, ina iska ta saba fitowa. Ni kuma na ƙara nawa: ranar da ba ka yi barci ba, ko kana azumi rana ta yi tsaka, ko ranka a ɓace yake, ka bar sama ta huta.

Maganar kaya kuwa, ka ci gaba da ɗaukar na haya a filin, babba mai haƙuri, irin wadda ka saba. Ranar da za ka mallaki taka, ka tafi da malaminka da mai naɗi su zaɓa tare da kai, su kwance komai su duba. Ba a sayen lema don launinta, ba a karɓarta don fuskar mai bayarwa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Da na dawo jiya na gaya wa uwarka. Ta ce, "Malam, don Allah kada ka ɓata wa yaron nan aure. Mutanen nan masu mutunci ne, a ce an mayar musu da kyauta?" Na ce, "Hajiya, gawa ake ɗaura wa aure?" Ta fashe da kuka ta ce bakina ba shi da linzami. Da ta share hawaye sai ta kawo tata dabarar. Wai a karɓo laya wurin malaminta, a kai jakar wurin telan nan na Château Rouge mai ɗinka mata leshi, ya ɗinke ta a ciki inda ba a gani. Na ce allura ba ta taɓa jakar nan. Na ce tela ya tsaya a kan leshinsa. In ta aiko maka da wani abu ta hannun Mariya, ka karɓa ka gode, ka sa a aljihu ka zuge. Addu'a a ƙirji take tafiya, ba ta buƙatar zare. Yanzu ba ta yi mini magana, abincina ma Mariya ce ta miƙo. Ba komai, mun fi shekara talatin muna haka.

Kada ka ɗauka na yarda da wannan wasa naku. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Mu an tura mu ne, da umarni da albashi, kuma kowannenmu ya sumbaci ƙasa ranar da aka ce ya gama. Ku kuwa ranar hutunku, da ƙafarku, kuke zuwa a jefo ku daga jirgi mai lafiya, wai nishaɗi. Na hana ka tun farko, ka ce jinina ne ya ja ka. To, tunda ka ƙi bari, ka yi shi kamar mai son komawa gida. Ina son in ga ɗanka. Ina son in sa masa suna in tauna masa dabino, in Allah ya kai ni. Ba ni da wani buri da ya wuce wannan, kuma ba zan bari a ɗauke mini shi don kada fuskar wani ta canja ba.

Ga abin da na ce, kuma umarni ne, ba shawara ba, in har ina da sauran iko a kanka. Ba za ka hau jirgi da jakar nan ranar Asabar ba. Ka kai ta wurin mai naɗi na filin Lyon, ya buɗe ta, ya gyara abin gyara, ya ajiye maka. In ka yi shekaru kana tsalle, malamanka suka ce ka isa, ka ɗauke ta ka sauko da ita, Alhaji ya yi tafi, ni ma in ina da rai in rufe ido in yi. Wannan ai shi ne girmama kyauta.

Na san kai ba za ka iya buɗe baki ka gaya masa ba. Na san yadda harshe ke nauyi gaban uban matar da kake so, ni ma na yi shekara ban iya cin abinci gaban kakanka na wajen uwa ba. Ban ce ka yi abin da ya fi ƙarfinka ba.

Allah ya kiyaye ka daga sharrin iska da sharrin gaggawa da sharrin idon masu kallo. Allah ya sa duk hawan da ka yi ka sauko da ƙafafunka. Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a aikinka da aurenka, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Gobe da safe in na idar da asuba, zan sa farar rigata, in hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in sauka Belleville, in buga wa Alhaji ƙofa tun bai karya ba. Ba zan aika kowa ba, ba zan yi kewaye-kewaye ba. Zan zauna in dube shi ido cikin ido in ce, "Alhaji, lemarka ta fi ƙarfin ɗana, kuma ni na hana shi." In zai ji haushi, ni ya ji wa. In za a ce an raina kyauta, a ce tsohon sojan nan mara ilimi ne ya raina, ai an daɗe ana faɗa. Kai dai ka bar wayarka a buɗe, don daga falonsa zan kira ka, kuma wannan karon ka ɗauka.

Mahaifinka,
Habu